Surukina da Jirgin Taurari

Kun taso kuna jin ana cewa bakina ne ya kashe kakanku na wajen uwa. Ba a faɗa a gabana, amma bango ma yana da kunne, kuma ina ganin irin kallon da kuke yi mani duk ranar da aka tuna da shi. Shekara da shekaru na yi shiru, don akwai wadda nake karewa da shirun. Yanzu uwarku Rakiya ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ni ma la'asar ta yi mani, to bari in faɗa maku yadda aka yi. Ban ce ina da gaskiya ba. Wallahi har gobe ban san ko ina da ita ba. Abin da ya faru kawai zan zayyana, ku yi alƙalancin da kanku.

A shekarun da kuɗin mai suka ɓarke, ina da rumfar gyaran rediyo a bakin iyaka, nan Jibiya. Manyan motoci kan jeru tun daga shingen iyaka har inda ido ya ƙare, waɗansu da siminti da fulawa za su Maraɗi, waɗansu da wake da shanu sun fito daga can. Direba kan yi kwana uku yana jiran takarda, ba abin yi sai shan shayi da gardama. Duk wanda ya ji nauyi a aljihunsa sai ya sayi rediyo, rediyo kuwa sai ta lalace, to ni kakata ta yanke saƙa. Har haukan ya taɓa ni ni ma, na tafi Kano na ɗauko talabijin mai baƙi da fari. Na haɗa ta da batirin mota, na ɗaure gora uku a juna na ɗora eriya a bisa. In iska ta yi mana kirki mu ga mutum, in ta juya mu ga yayyafi. Mutanen Gangara da Daddara har takowa suke su kalli yayyafin, su koma suna ba da labari.

Kowace Asabar da yamma akwai wani wasan Turawa da ake nunawa, na waɗansu mutane masu yawo tsakanin taurari cikin jirgi mai kama da akushi a kife. Turancinsu ta hanci yake fita, ba mai ji. Abin haushin shi ne, daidai lokacin da wasa ya ɗauki zafi, dodo ya kama ƙofar jirgi, sai ladan ya kira magariba. Dole mu tashi. Mutum ɗaya ne ke zama, Malam Bulus, wani akawu Kirista daga wajen Jos da ke aiki a ofishin bakin shinge. In mun dawo sai mu ishe an gama, mu rufe shi da tambaya. Shi kuma ya ce ai muna tafiya hoton ya ɗauke, amma ga abin da yake zato.

Garba Kamyo, wani direban Maraɗi mai baki kamar reza, shi ya fara ƙorafi.

"Kai Malam Bulus, zatonka ya ishe mu. Kullum kai ke ƙarasa mana labari, wa ya gani?"

"To ku zo ku ƙarasa da kanku mana," in ji Bulus.

Muka zaci ba'a ce. Ashe ya taɓa aiki da wani Bature mai auna hanya, a wurinsa ya ga wani wasa da ake yi da baki da ɗan ludo. Washegari bayan la'asar sai ga shi da littafin rubutu, da ɗan ludo guda, da kwalin sukari da ya yayyanka. Ya shimfiɗa tabarma a rumfata ya ce kowane mutum na cikin talabijin za a yi masa kati. A katin za a rubuta ƙarfinsa, da wayonsa, da zuciyarsa, da idonsa, kowanne da lamba daga ɗaya zuwa shida. Wanda ya ɗauki kati ya zama mutumin. Shi Bulus zai ba da labari, in an zo wurin haɗari ka faɗi abin da za ka yi, ka jefa ɗan ludo. Shida ka tsira da mutunci, na tsakiya a duba lambarka, ɗaya kuwa ko kai wane ne ka shiga uku. Kuma mai ba da labari kaɗai ke faɗin abin da ya fito.

Rubuta katunan nan ya ci mana mako guda, don mutanen talabijin ba su shiga tabarmarmu ba sai da aka yi masu gyara. Shugaban jirgin yaro ne ko gemu babu, yana daka wa likita mai furfura tsawa. Garba ya ce ba a gabansa ba, aka ƙara wa shugaba shekara ashirin. Akwai mace mai wando da ke magana da mutanen waɗansu taurari ta waya. Kowa ya ƙi katinta, sai da aka mayar da ita Hajiya mai fataucin atamfa wadda ta san kowane jandarma da sunansa, sannan Garba ya fizge katin ya hana kowa. Akwai mutumin ƙarfe da ba ya ci ba ya sha, aka kwana biyu ana musu ko azumi ya hau kansa. Direbobi kuma suka rantse ba ƙasar da ake shiga haka nan siddan, dole aka kafa wa kowace tauraruwa shinge da 'yan duwan, wato kwastan. Da wani ya tambayi inda alƙibla take in an wuce wata, Bulus ya ɗaga hannu ya ce wannan ta fi ƙarfinsa.

Ni aka ba likita, kuma ni ne daƙiƙin ajin. Na kasa gane ko ni ne ni, ko ni ne likitan. In Bulus ya ce an harbe ni a kafaɗa, sai in ga hannuna ya kai kafaɗa. In ya ce me za ka yi, sai in ce ai ban san abin da ya yi a talabijin ba, shi kuma ya ce ba ruwanmu da talabijin yanzu, kai ne shi. To in ni ne shi, me ya sa ban san allura ba? Har limamin tasha ya ji ana jefa ɗan ludo, ya zo ya tsaya a kanmu don ya ga ko caca ce. Ya daɗe yana kallo bai ga ko kwabo ba.

"To wa ya ci?" ya tambaya.

Muka ce ba wanda ya ci.

"Wa aka cinye?"

Muka ce babu.

"To me kuke yi ke nan?"

Muka dubi juna. Ya girgiza kai ya ce Allah ya shirya, ya tafi abinsa.

Yanzu ga kakanku. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko a takarda, surukina ne, Baba nake ce masa. Mutumin Maraɗi ne, tuƙi ya kawo shi Jibiya, kuma ya fi shekara goma da wata babbar mota ta wani Alhaji a Katsina, yana ji da ita kamar 'yar cikinsa. Shekara guda kafin zuwan talabijin yanar ido ta rufe masa gani, har ya zama sai dishi-dishi yake gani. Alhajin ya karɓi makulli ya ba wani. Ba wanda ya iya gaya wa Baba. Uwarku, wadda ita ce 'yar lelensa, ita ta shirya maganar da gidan duka ya ɗauka: wai mota tana gareji ana jiran kayan gyara daga Ikko, da an yi masa aikin ido zai koma bakin aikinsa. Kullum ya tambaya, kullum a ce kaya ba su iso ba. Sanda ya ƙi riƙewa, jagora ya ƙi. Da lalube yake fitowa ya zauna a gindin darbejiyar da ke kusa da rumfata, yana sauraren motoci.

Daga nan ya riƙa jin hayaniyarmu. Wata rana Bulus yana karanta katin matuƙin jirgin, wanda ba a samu mai ɗauka ba, ya kai inda aka rubuta ido shida, sai muka ji murya daga gindin itace, da irin Hausarsu ta can.

"Wanga matuƙi naku yaro na. Wa ya ce maku da ido aka tuƙi? Ku kashe ido, ku sa kunne."

Bulus ya soke ido ya rubuta kunne, ya tashi da kansa ya kai masa katin. Baba ya juya shi a hannu, ya taso ya zauna a tabarma. Ni kuwa tuni na zame na koma bayan teburin gyara na tsuguna, don kun san ba a haɗa tabarma da suruki. Daga ranar na bar likita, na zama ɗan kallo daga bayan tsofaffin rediyoyi. Abin da na gani kuwa ya ba ni mamaki. Mutumin da a gida ba ya ko ɗaga murya, a nan sai ka ji shi yana cewa a saurara, injin hagu yana tari, a zuba ruwa. Ya sa aka rubuta cewa matuƙin yana tauna goro, kuma ba ya tashin jirgi sai ya zagaya shi sau ɗaya. Wata rana ya tsallake da su, wata rana ɗan ludo ya kayar da shi ya kifar da jirgi a rami, ya yi ta dariya yana zagin hanya. Rakiya ta ce mani rabon da ya cinye tuwonsa tun kafin ciwon ido, sai yanzu.

Ana haka aka yi wa Bulus canjin wurin aiki. Ranar da zai tafi ya kawo mani littafin da ɗan ludo, ya ce duk cikinmu ni kaɗai ke karanta boko. Na ce ya rufa mani asiri, yaya za a yi in zauna gaban surukina in riƙa yanke masa hukunci? Ya ce ai ba ni ba ne, ɗan ludo ne. Shi abin da sauƙi a wurinsa. Na so in jefa littafin a rijiya, to amma in wasa ya mutu Baba ya koma gindin darbejiya, wannan kuma Rakiya ba za ta yafe mani ba. Haka na zauna a gefen tabarma, rabin jikina a ƙasa, kaina a sunkuye, ina ba da labari kamar mai karanta takardar sammaci.

Jifar Baba ta farko a hannuna biyu ce ta fito. Ya ce, "Mi ya hito?" Bakina ya buɗe da kansa ya ce shida. Ban shirya ba, Allah shi ne shaida. Kawai harshena ya ƙi ya gaya wa uban matata cewa ya kasa. Garba ya dube ni, ya dubi ɗan ludo, ya yi tari ya kau da kai. Shi ke nan hanya ta buɗe. Biyu ta zama shida, ɗaya ta zama biyar, kowa yana gani kowa ya yi gum. Jirgin Baba ya daina ko faci. Ni a ganina ladabi nake yi, har ina jin daɗin kaina. Amma sai na lura dariyar tana raguwa. Ya daina cewa a saurari inji. Ya jefa, in ce shida, ya ce to. Na rasa gane kan abin. Mutum yana ci kullum, me kuma ya rage masa? Na ƙara masa dodanni don ya ji daɗin kashe su, ya kashe su duka bai ko gyara zama ba.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, rumfa ta cika har waje. Labari ya kai inda birkin jirgi ya tsinke suna gangarawa kan wata tauraruwa, ga duwatsu biyu masu cin wuta, sai an bi ta tsakaninsu. Na miƙa wa Baba ɗan ludo. Ya karɓa, amma bai jefa ba.

"Mai Rediyo," ya ce, don haka yake kirana. "Shekara talatin ina bisa hanya, ban taɓa ganin motar da ba ta faci ba. Zamanin Bulus, in shida ta hito, waɗanga mutane ihu suka yi. Zamaninka kuwa tari suka yi. Idona ya mutu, kunnena bai mutu ba. Zan jefa. Abin da ya hito, shi za ka hwaɗi."

Ya jefa. Ɗan ludo ya gangara ya tsaya a bakin tabarma, ɗigo ɗaya tal yana kallon sama. Jama'a, ban taɓa shiga ruɗu irin na ranar ba. In na ce shida, na ƙaryata shi a gaban mutane bayan ya roƙe ni. In na ce ɗaya, ga abin da littafi ya tanada, kuma bakina ne zai faɗa. Garba yana ta ƙifta mani ido yana nuna yatsu shida a ɓoye. Na nemi wata hanya ta uku, babu.

"Ɗaya ce, Baba."

"To, sai mi?"

"Jirgi ya bugi dutsen dama. Sauran sun samu sun fice ta ƙofar baya, don direba ya riƙe masu sitiyari har suka gama fita. Shi bai fita ba."

"Hwaɗi ta sosai."

"Direba ya rasu, Baba."

Garba ya zabura ya jefar da katinsa.

"Subhanallahi! Kai, surukinka ne fa! Wane irin baki ne wannan?"

Rumfa ta kaure da salati. Wani ya ce a tofar, wani ya ce dama wasan Nasara ba ya ƙarewa da alheri. Kafin in ɗaga kai waɗansu sun riga sun nufi cikin gari da labari. Baba dai ya sa katinsa a aljihu, ya miƙe, ya ce in zo in kai shi gida. Mutumin da ko 'ya'yansa bai yarda su ja shi ba, sai ga shi ya kama wuyan hannuna. Muka bi gefen titi, ni ina tafiya kamar wanda aka kama da sata. Mun kusa kwanar gidansu sai wata babbar mota ta taso daga shinge tana canja giya. Ya tsaya cak, ya karkata kai.

"Ka ji ta? Yaron nan zai kashe mata kulaci. Kullum sai ya makara da giya ta biyu."

"Wacce, Baba?"

"Kada ka koma yi mani ƙarya, kai ma. Tawa mana. Kowace Lahadi sai ta wuce, tun bara."

Ya ce ya san Rakiya ce ta shirya zancen gareji, don tun tana ƙarama in za ta yi ƙarya muryarta sama take yi. Ya ce a gida kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai, abinci a ce ya yi kyau, ido a ce ya kusa warkewa. Wuri guda ya samu inda ake barinsa ya faɗa rami kamar kowane direba, ni kuma na zo na cike ramin. Sai ya yi 'yar dariya ya ce amma yau na biya shi, mutuwar direba ce mai kyau, fasinja duk sun fita. Da muka isa ƙofar zaure ya ƙara matse hannuna.

"Rakiya kuwa ka bar ta da garejinta. Abin da ta iya ba ni ke nan, kuma na karɓa. Kada ka hwaɗa mata na sani, ko bayan raina. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Kwana uku bayan haka zazzaɓin damina ya kwantar da shi, irin wanda ya kwantar da rabin unguwa a shekarar. Sauran suka tashi, shi bai tashi ba. Rana ta tara da wasan nan aka kai shi makwancinsa. Tun a wurin zaman makoki na ga mutane suna matsawa in na zauna. Kakarku Inna ta faɗa a tsakar gida, da ƙarfi don in ji daga zaure, cewa an kira wa mijinta mutuwa a bainar jama'a, mutuwa kuma ta amsa. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Na san rai na Allah ne, na san zazzaɓi zazzaɓi ne. Amma kada ku zaci ban taɓa zama ni kaɗai na ƙirga kwanakin nan tara ba. Talabijin na sayar, littafin ban san inda ya shiga ba, kuma ban sake taɓa ɗan ludo ba.

Rakiya ba ta dawo ɗakinta ba sai bayan sadakar arba'in. Ta rame, ta yi baƙi. Ta yi kwana biyu tana aikinta, sai rana ta uku da hantsi, tana tankaɗe a tsakar gida, ta yi magana ba ta ko ɗago ba.

"Malam, ɗayar ce ta fito da gaske?"

Na ce ita ce.

"Mu shekara guda muna tattalin zuciyarsa. Har ya tafi yana sa ran motarsa, bai san komai ba, wannan kaɗai ke sanyaya mani rai. Kai da ka ce shida, me zai ragu a jikinka?"

Amsar tana bakina, cikakkiya, da muryarsa da komai. In na faɗa na wanke kaina. In na faɗa kuma na gaya mata cewa duk ranar da ta durƙusa ta ce kaya ba su iso daga Ikko ba, ubanta yana jin motarsa tana wucewa. Na dubi hannunta a kan rariya.

Na ce, "Ba abin da zai ragu."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tankaɗe. Mun yi shekara talatin da wani abu bayan wannan, ta haifa mani ku, ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Ta tafi tana ganin ubanta ya rasu da sa rai, ta tafi kuma tana ganin mijinta mai taurin kai ne da ya kasa yi wa tsoho ƙarya guda. Ba yadda za a yi in gyara mata na biyun ban rushe mata na farkon ba, sai na bar mata ubanta.